Darasi na Bakwai: Koyon Walda da Zaɓen Injin Farko

Ƙafar kujerar ƙarfe ta karye, ko ƙyauren ƙofa ya saki, ko kuna son haɗa ɗan teburin aiki. Duk waɗannan mutum zai iya yi da hannunsa idan ya koyi walda. Walda ita ce narkar da bakin ƙarfe biyu har su haɗe su zama ɗaya. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500, wutar da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfen kuwa zafinta ya haura digiri 3,000. Ku riƙe wannan a rai, domin shi ne dalilin duk gargaɗin da ke cikin darasin nan.

Injinan da ake yawan gani iri uku ne. Akwai na sanda, akwai MIG mai tura waya da kansa tare da iskar gas, akwai kuma TIG da ake aikin alminiyom da ƙarfe maras tsatsa da shi. TIG yana son gwanin hannu, a bar shi sai gaba. MIG yana da sauƙin koyo, amma sai da tukunyar gas, kuma iska tana ɓata masa aiki a fili. Shawarata ga mai fara aikin gida ita ce ya ɗauki na sanda, ƙaramin nan da ake kira inbata. Ba shi da nauyi, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, bai cika shan wuta kamar tsohon mai taransfoma ba, kuma ba ya tsoron iska. Rauninsa ɗaya: yana saurin huda ƙarfen da bai kai kaurin milimita 2 ba.

A nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa. Suna ganin babbar lamba a jikin kwali, amfiya (ma'aunin ƙarfin wutar injin) 300 ko 400, sai su ɗauka shi ne mai kyau. Aikin gida ba ya buƙatar haka. Injin amfiya 140 zuwa 160 ya wadatar. Abin dubawa shi ne ɗan farantin da ke manne a jikin injin. A can za ku ga harafin X da kashi cikin ɗari. Wannan yana faɗa muku tsawon lokacin da injin zai yi aiki cikin minti 10 ba tare da ya yi zafi ba. Idan an rubuta 60% a ƙarƙashinsa kuma amfiya 100, ma'anarsa minti 6 na aiki, minti 4 na hutu. Injin da ba shi da wannan farantin, ku bar shi a inda kuka gan shi. Ku taɓa wayoyinsa ma. Siraran wayoyi suna zafi da wuri.

Kada ku kashe duk abin da kuka tanada a kan inji ku manta da ido. Hasken walda yana ƙona ido, kuma ba nan take ake ji ba. Sai bayan sa'o'i, sau da yawa cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. Baƙin tabarau na rana ba ya tsare wannan. Ku nemi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata, da rufaffen takalmi, da tufafin auduga mai dogon hannu. Yadin roba yana narkewa ya manne da fata. A yi aiki a busasshen wuri mai shan iska, yara su yi nisa. Ƙarfe mai rufin tutiya hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko da babu komai a ciki, kada ku kusance shi da wuta. Tururin da ya rage yana iya fashewa.

Don gwaji, ku samo guntayen ƙarfe masu kaurin milimita 4 ko 5 da sanda mai lamba 6013, mai kaurin milimita 2.5. Ku kankare tsatsa da fenti, ku sa sandar a mariƙin waya ɗaya ta injin, ku damƙe maƙalin wayar ta biyu a jikin ƙarfen, ku saita injin wajen amfiya 80. Ku ƙyasta sandar kamar ashana, sannan ku ɗaga ta kaɗan, tazarar da ba ta wuce kaurin sandar ba. Za ta manne muku. Kowa ta manne masa a farko. Ku murɗa ta ta saki, ku ƙara wuta kaɗan. Ku karkatar da ita ku ja a hankali, idonku a kan narkakken ƙarfen da ke biye da ita. Idan ya huce, ku ɓamɓare ɓawon da ya rufe layin waldar da guduma, idonku a rufe da farin gilashi.

Aikin yi: ku ja layi goma a kan guntun ƙarfe ɗaya. Ku kawo shi aji, mu gwada na farko da na goma.