Suwaitarki ta farko a keken saƙa

In yanzu kika samu keken saƙa, don Allah kar ki fara da suwaita mai ado. Ki yi mai sauƙi, gaba da baya da hannu biyu, duk a miƙe, ki haɗe su daga baya.

Fara duba wane irin keke gare ki. Mai allura 200, wanda tazarar alluransa milimita 4.5 ce, siririn zare yake so, in kika cusa masa ulu mai kauri cijewa zai yi. Mai tazarar milimita 9 shi ke cin mai kauri. In kuma na hannu kika saya, irin tsofaffin nan na kamfanin Brother, ki zaro dogon ƙarfen da ke danne allurai ki ga soson jikinsa, in ya lotse ki canza shi, don shi ne yake sa saƙa tai ta zubewa mutum yana zargin hannunsa.

Sai gwaji, kuma nan ne mutane ke ƙosawa. Ki saƙa ɗan ƙyalle da zaren da za ki yi aikin da shi, a lambar taurin saƙa da kika zaɓa a jikin keken, ki cire shi, ki wanke, ki barshi ya bushe ya huta, saboda a kan keke a jaye yake, awon da kika yi a lokacin ƙarya ne. Sannan ki sa tef ki ƙirga allura nawa da layi nawa ne a santimita 10. Misali kin samu allura 28 da layi 40, kina son faɗi santimita 50 da tsawo 60, to allura 140 kenan, 70 a kowane gefen sifilin da ke tsakiyar jerin alluran keken, layi kuma 240. Ki rubuta a takarda, kar ki ce za ki tuna.

Ki ɗora da ragowar zare mai wata kala, layi kaɗan, sannan zaren gaske. Ki rataya kum, wato dogon ƙarfe mai haƙora da ke riƙe bakin saƙa, da ƙarafan nauyi, ki mayar da abin ƙirga layi sifili. Wajen tura kan keken, wato abin da ake turawa yana bin kan allurai, ki bi a hankali, ki tabbata ya wuce allurar ƙarshe kafin ki juyo, in ya tsaya a tsakiya kar ki yi masa ƙarfi, allura za ki lanƙwasa. Nauyin ma ki dinga matso shi sama, musamman na gefe.

Bakin saƙar zai nannaɗe, haka take, ba laifinki ba ne, ki yi masa kalmasa a ƙasa. Wuya ne mai ɗan wahala, a karon farko ki bar shi miƙaƙƙe mai faɗi, ki dai auna ya wuce kai. Ki ɗinke kafaɗa, ki jona hannu, sannan ki rufe gefe tun daga wuyan hannu har ƙasa.