Yadda ɗalibin injiniya a Yamai zai gwada ƙarfin robar da na'urar 3D ta buga

Na'urar da ke narkar da zaren roba tana jera shi shimfiɗa bisa shimfiɗa har abu ya fito ta samo asali ne daga Amurka, inda Scott Crump ya nemi haƙƙin mallakar fasahar a 1989. Da wa'adin haƙƙin ya ƙare a 2009, kuma shirin RepRap da Adrian Bowyer ya soma a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005 ya riga ya baza tsarin na'urar kyauta, sai farashi ya faɗi ƙwarai. Shi ya sa a yau ɗalibi a EMIG, makarantar koyon injiniya ta Yamai, ko a Jami'ar Abdou Moumouni yana iya ɗaukar wannan fanni a matsayin batun kundin kammala karatunsa. Sai dai tun kafin ya kunna na'ura, ya kamata ya san cewa ƙarfin da zai auna na abin da aka buga ne, a kan wannan na'ura, da wannan saiti, a wannan yanayi. Adadin da kamfani ya rubuta a takardar zare yana iya yin nesa da shi.

Aikin farko shi ne a taƙaita tambaya. Abubuwan da ke sauya ƙarfin kayan da aka buga suna da yawa: kaurin shimfiɗa, zafin bakin na'ura, gudun bugawa, yawan cikon ciki, kusurwar layuka, da yadda aka ajiye samfur a kan faranti. Ɗalibin da ya sauya uku a lokaci guda zai sami lambobi masu yawa, amma ba zai iya cewa wanne ne ya haifar da bambancin ba. A zaɓi abu ɗaya, ko biyu idan malamin da ke duba aikin ya amince da tsarin lissafin, sauran kuma a bar su yadda suke. Mafari mai kyau shi ne zaren nau'in robar da ake kira PLA mai kaurin milimita 1.75, baki mai milimita 0.4, shimfiɗa mai milimita 0.2, zafi tsakanin digiri 200 da 210, da ciko ɗari bisa ɗari. Idan ciko bai cika ba, raba nauyin da ya karya samfur da faɗinsa sau kaurinsa zai ba da adadin da ba shi da ma'ana, domin wani ɓangare na cikinsa iska ce.

A ganina, tambayar da ta fi amfani ga mai farawa ita ce ta kwanciyar samfur. Idan aka buga shi a kwance, lokacin da na'urar gwaji ke jan sa daga bakunansa biyu, ana jan zaruruwan ne bisa tsawonsu, robar kanta ce ke ɗaukar nauyin. Idan aka buga shi a tsaye, abin da ke riƙe shi shi ne mannewar shimfiɗa da ƴar'uwarta, wadda ta dogara da ko ta ƙasa tana da sauran zafi lokacin da ta sama ta sauka a kanta. Kamar itacen faskare ne, wanda ke tsagewa da sauƙi idan gatari ya bi jijiyarsa. Samfurin tsaye kusan kullum yakan karye da wuri, a tsakanin shimfiɗu biyu, ba tare da ya miƙe sosai ba. Wanda zai buga maƙalar da za ta riƙe injin famfo ko wani ɓangaren kayan asibiti yana buƙatar sanin girman wannan tazara kafin ya yanke yadda zai kwantar da kayan.

Siffar samfur ba abin ƙirƙira ba ce. Ma'aunin ASTM D638 da ISO 527, wato ƙa'idojin gwajin jan roba, sun fayyace ta: faffaɗa a bakuna biyu, siririya a tsakiya. Nau'i na ɗaya na ASTM D638 yana da tsawon milimita 165 da faɗin milimita 13 a tsakiya, nau'i na huɗu kuma tsawonsa 115 ne, faɗin tsakiyarsa 6. Na huɗun ya fi sauƙin bugawa a tsaye, saboda dogon samfur yana rawa idan ya yi sama, rawar kuma tana ɓata shimfiɗun. Ana buƙatar aƙalla samfur biyar ga kowane saiti, kuma gara a buga fiye da haka, domin duk wanda ya karye a cikin maƙalar na'urar gwaji ba a lissafa shi. Dukansu su fito daga dunƙulen zare ɗaya mai launi ɗaya, tun da sinadarin launi ma yana taɓa halin robar.

Yanayin Yamai yana shiga cikin gwajin ko an so ko ba a so ba. PLA yana fara laushi a wajen digiri 55 zuwa 60, a Afrilu da Mayu kuwa zafin inuwa kansa yana wuce 40, ballantana cikin mota a rufe ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. Samfurin da ya yini a irin wannan wuri ya riga ya sauya kafin a gwada shi. Ma'aunin ISO 291 ya tanadi digiri 23 da danshi kashi 50 cikin ɗari don ajiye samfur da gwada shi; idan ɗakin gwaji bai kai haka ba, a rataya ma'aunin zafi da danshi, a rubuta abin da ya nuna a kowace rana. Da damina, musamman a Agusta, zare yana shan danshi, sai a ji yana ƙaras-ƙaras a bakin na'ura yana barin ƙananan ramuka a cikin samfur. Maganinsa shi ne a busar da PLA a wajen digiri 45 na wasu awoyi, a ajiye shi a mazubi mai murfi tare da ƙwayoyin tsotse danshi. Da hunturu kuma ƙura ce ke hawa kan zare tana toshe baki, don haka a rufe na'urar, a sa ɗan soso ya riƙa share zaren kafin ya shiga. Samfurin da aka ɗauke wuta ana cikin buga shi a ware shi, ko da na'urar ta ci gaba daga inda ta tsaya, saboda wurin tsayawar ya huce kuma nan zai karye. Zafin Yamai da ke wahalar da mu shi kansa batun bincike ne mai daraja: a kwatanta PLA da wani nau'in roba mai suna PETG, wanda ke fara laushi a wajen digiri 80, bayan an bar su makonni a rana.

Kafin gwaji, a auna faɗi da kaurin kowane samfur a wurare uku na tsakiyarsa, a yi aiki da abin da aka auna, domin abin da ya fito daga na'ura ba ya yin daidai da zanen kwamfuta. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Samfur mai faɗin milimita 13 da kaurin 3.2 da ya karye da ƙarfin ja ya kai niyuton 2000 yana da ƙarfin megafaskal 48, wato 2000 a raba da 41.6 (faɗi sau kauri). Gudun ja ya zama iri ɗaya ga dukan samfura, saboda roba takan nuna ƙarfi fiye idan aka ja ta da sauri.

Inda ba a sami na'urar ja ba, gwajin lanƙwasa yana yiwuwa da kayan da ke hannu. A buga sanda mai tsawon milimita 80, faɗin 10 da kaurin 4 kamar yadda ISO 178 ya tanada, a ɗora ta kan ƙarafa biyu masu tazarar milimita 64, a rataya jarka a tsakiyarta, a riƙa zuba ruwa a hankali. Kowace lita tana ƙara kusan niyuton 9.8, kuma jarka mai lita 20 takan isa ta karya sandar PLA mai wannan girma. Ƙarfin lanƙwasa shi ne nauyi (a niyuton) sau tazara sau uku, a raba da faɗi sau kauri sau kauri sau biyu, ba tare da an manta da nauyin jarkar da igiyarta ba. A faɗa ƙarara a cikin kundi cewa da wannan hanya aka yi aikin, domin ta dace da kwatanta saiti biyu amma ba ta cika sharuɗɗan ma'aunin ba.

Samfuran da suka karye kada a zubar da su. A duba bakin karayar da gilashin ƙara girma, a ɗauki hoto: ramuka tsakanin layuka suna nuna ƙarancin zafi ko ƙarancin robar da ke fita, karaya mai santsi a kan shimfiɗa ɗaya kuma tana nuna raunin mannewa. A cikin kundin, kowane saiti ya zo da matsakaicin sakamakonsa da tazarar warwatsuwarsa, tare da sunan na'ura, kamfanin zare, sigar manhajar Cura ko PrusaSlicer da aka yi amfani da ita wajen shirya zanen don bugawa, da zafin ɗaki a ranar bugawa da ranar gwaji. Idan tazarar saiti biyu ta shiga juna sosai, a rubuta cewa samfuran ba su isa su nuna bambanci ba, a kuma ba da shawarar yawan da ya kamata a ƙara.