Yadda ake gina gadar dutse irin ta Romawa

Ka fara da ƙafafun gadar tukuna, wallahi nan ne aikin yake. A kafa turakun katako layi biyu a zagaye cikin kogi, a cusa yumɓu tsakaninsu, a kwashe ruwan ciki sannan a haƙa har a samu ƙasa mai ƙarfi. Sai kafinta ya haɗa bakan katako, magina su jera sassaƙaƙƙun duwatsu daga gefe biyu har su haɗu a sama, dutsen tsakiyar nan shi ke kulle komai, kar ka kuskura ka zare katakon kafin ya zauna daram. Ka duba gadar Alkantara a Sifen, kan kogin Tagus, an gama ta wajen shekara ta 106 Miladiyya zamanin Trajan sarkin Romawa, baka shida gare ta, har yau tana nan tsaye.