Maganin tsutsar ciki na masu Vodu: inda mutane ke yin kuskure

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu ganye a kasuwar Dantokpa a Kwatano ya san abin da nake nufi, ɗauri-ɗaurin ganye da saiwa da ɓawon itace jibge a ƙasa, mata na zaune suna gaya maka wannan na zazzaɓi ne wancan na ciki. Vodu addini ne a Benin da Togo, har Haiti bayi suka kai shi, kuma bokayensu sun san ganye sosai. Mu ƴan Zongo ma muna saye in yaro ya fara ƙaiƙayin dubura ko cikinsa ya kumbura. To amma akwai kurakurai da nake gani kullum kuma suna damuna wallahi.

Babba a cikinsu shi ne zancen "ai ganye ne, ba ya illa". Akwai wani ganye mai ƙarfin wari da mutanen Haiti ke kira simen kontra, da gaske yana kashe macijin ciki saboda sinadarin askaridol da ke cikinsa, amma wannan sinadarin dai shi ne gubar, man da ake tatsa daga ganyen ya kashe yara, shi ya sa likitoci suka daina amfani da shi tun tuni. Sai ka ga uwa ta dafa shi ya yi kauri, ta ɗura wa ɗan shekara biyu kofi guda, in ya fara amai da jiri ta ce magani ne ke aiki. Baiwar Allah guba ce ke aiki, a tsaya haka nan a nufi asibiti. Man kam kar a kusanta shi da bakin yaro ko kaɗan.

Sannan ba duk tsutsa ce ɗaya ba. Ƴaƴan gwanda da ƴaƴan kabewa suna taɓa wasu, amma tsila sai maganin asibiti irin su firazikwantel, atini mai jini kuma sau da yawa ba tsutsa ba ce sam, wata ƙwayar cuta ce daban. Gwajin bayan gida a lab shi zai nuna, kuma ba ya ɗaukan lokaci. In macijin ciki ne, albendazol mai miligiram 400 ƙwaya ɗaya ake taunawa, ɗan shekara 1 da bai cika 2 ba rabi.

Mai ciki ta bar garafuni da ƴaƴan gwanda, albendazol ɗin ma ba a ba ta a wata ukun farko.

Wani abin kuma, mutum ya ga tsutsa ta fito sai ya ce an gama. Macen macijin ciki ɗaya tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, suna nan a ƙasar tsakar gida inda yara ke wasa suna sa hannu a baki, wata irin tsutsar kuma ta tafin ƙafa take shiga ta riƙa shan jini har yaro ya ɗashe. Ko wane magani aka sha, in babu masai mai murfi, ba a wanke hannu da sabulu, ba silifas a ƙafa, bayan ƴan watanni za ta dawo, shi ya sa gara a ba duk yaran gidan magani rana ɗaya a kuma yanke musu farce.