Idan mota tana shaƙewa, fulogi kuma yana baƙi, kada ka yi saurin taɓa jet

Peugeot 504 gare ni, wadda mai ita na farko ya cire mata kafireta ta asali ya ɗora Weber 32/36 don ta ƙara gudu. Gudu kam tana yi. Amma da na taka totur daga tsaye sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta fizga. Fulogi kuma ba ya mako biyu ya koma baƙi ƙirin. Saitin fulogi uku na saya kafin na gane fulogin shaida ne kawai, ba shi ne ɓarawon ba.

To, fara da jin ta bakin shaidar. Ka zaga da motar injin ya yi zafi sosai, ka kashe, ka kwance fulogin duka ka jera su yadda suke a injin. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya, fetur ne ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko ta bawul, kuma wannan ba aikin kafireta ba ne, ko shekara za ka yi kana juya sukuru. Fari fat, fetur ya yi kaɗan. Launin ƙasa-ƙasa ake nema. Idan kuwa guda ɗaya ne ya yi baƙi sauran lafiya, wayarsa da murfin dilko (mai raba wa fulogi wuta) za ka duba.

Kafin ka taɓa kafireta, gama da wuta: gibin kwantak (na cikin dilko) 0.4 mm, tayimin daidai. Ka kuma buɗe matatar iska, don ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe ta, injin ya koma shan mai fiye da kima. Leƙa cok ma (marfin da ke rage iska don tayar da injin mai sanyi), ko ya maƙale bai buɗe duka ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Sun ga fulogi baƙi, alamar mai ya yi yawa, ga kuma shaƙewa, wadda galibi ƙarancin mai ce ta ɗan lokaci. Duka biyun suna iya haɗuwa a mota ɗaya. Idan ka taka totur farat ɗaya, iska ce ke fara kwararowa, fetur yana biyo baya don ya fi ta nauyi. Shi ya sa aka yi wa kafireta ɗan famfo mai tsarto mai a daidai wannan lokacin. Kashe injin, cire matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafiretar, ka ja totur da hannu. Ya kamata ka ga mai ya tsarto nan take, da ƙarfi. Tawa ɗigo take yi, robar famfon ta bushe ta tsage. Wanda ya riga ni, maimakon ya sauya robar, sai ya sa manyan jet (ƙananan ramukan da ke auna fetur a kafireta) don ya rufe matsalar. Shaƙewa ba ta tafi ba, fulogi kuma ya shiga uku.

Sauya robar, ka tsabtace bakin famfon da iska (ba da waya ba, don Allah, tana faɗaɗa ramin), ka mayar da jet na asali. Daga nan sai fulot, wanda ke tsayar da mai idan kofin kafireta ya cika: idan ya yi sama ko allurarsa ta cinye, mai zai riƙa malala cikin injin ko a silo. Weber ba ta son matsin mai da yawa, wajen 3 psi ya ishe ta. Injin yana silo, fesa maganin wanke kafireta a gindinta. Idan ƙarar ta sauya, gaskit na shan iska.

Sukurun silo mai daidaita fetur da iska shi ne na ƙarshe. Ɗaure shi a hankali har ya zauna, kada ka matse, ka warware zagaye biyu, sannan ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan kana saurare har injin ya daidaita.

Fulogin kansa ma ka duba lambarsa. A fulogin kamfanin NGK, babbar lamba ita ce mai sanyi, kuma mai sanyi ba ya ƙone dattinsa a go-silo na cikin gari. BP7ES na tarar a tawa, na koma BP6ES. Bayan na je Zariya na dawo na kwance su, duka huɗun launin ƙasa.