Idan ka karɓi karen gidan yari a ƙarshen mako

Ranar Juma'a da yamma nake tsayawa a ƙofar gidan yarin da ke kusa da mu a nan Amurka. Gandiroba ya miƙo mini igiyar ɗan kare jinsin Labrador, da jakar abincinsa, da wani littafin rubutu. Da littafin nan za ka fara, tun kafin ka tayar da mota. Fursunan da ke rainon karen shi ke cika shi: ƙarfe nawa yake ci, wace kalma ya iya, me ke firgita shi. Mutumin nan tare suke kwana ɗaki ɗaya da karen tun yana ɗan sati 8, don haka kada ka yi masa gardama.

Tsarin nan na ba fursunoni 'yan karnuka su horar da su domin taimaka wa naƙasassu ya daɗe. Sista Pauline Quinn ce ta fara shi a 1981 a gidan yarin mata na jihar Washington, sannan a 1997 ƙungiyar Puppies Behind Bars ta soma nata a gidan yarin Bedford Hills na jihar New York. Hikimar kuwa ita ce fursuna yana da abin da mu na waje muka rasa, wato lokaci. Zai maimaita abu sau ɗari har kare ya iya ɗauko makulli daga ƙasa, ya ja ƙofar firij da tsumma, ya danna makunnin fitila da hanci, duk abin da mai keken guragu zai buƙata.

Kai naka aikin nuna wa karen duniya ne, domin a gidan yari babu yara, babu cunkoson motoci, babu ƙararrawar ƙofa. Ka sa masa 'yar rigarsa ta aiki ku shiga kanti, ku hau lifta, ku tsaya tashar bas. Amma sannu a hankali. Na taɓa kai shi babban kanti ranar Asabar da rana tsaka, ya ga tayil mai sheƙi ya toge, ƙafafu na rawa. Da na ja shi da ƙarfi, da tsoron ya zauna masa. Komawa bakin ƙofa muka yi, taku ɗaya ƙwayar abinci ɗaya, har ya saki jiki. Ladan nan daga abincinsa na ranar za ka ɗiba, kada ka mayar musu da kare ya yi teɓa.

Ka riƙe kalmomin da aka koya masa yadda suke. Na sha ce masa "zauna", ya tsaya yana kallona kamar na zo da sabon yayi. Turanci ya sani.

Ban da ba shi loma daga kwanonka, ban da hawa gado. Masu son shafa shi a hanya ka ba su haƙuri, ka ce aiki yake. Uwargida ma ta kafa tata doka, ba ya taka ɗakin da muke salla, kuma a yini ɗaya ya gane iyakarsa.

Lahadi da yamma ka rubuta duk abin da ya faru, har kuskurenka. Na rubuta labarin tayil ɗin nan. Da Juma'a ta zagayo sai na ga amsa a ƙasan rubutuna: fursunan ya ce ya yi sati yana bi da karen ta kan siminti jiƙaƙƙe, in sake gwada kantin da sassafe.