Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Samu Sauƙin Ciwon Jijiyar Ƙafa

Akwai wata babbar jijiya, wadda ta fi kowace jijiya kauri da tsawo a jikin ɗan Adam, da take fitowa daga ƙasan gadon baya, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya har zuwa tafin ƙafa. Idan wani abu ya danne ta, sai a riƙa jin zogi yana tsirgawa daga kwankwaso zuwa ƙasa kamar jan lantarki, wani lokaci da zafi ko sagewar ƙafa, kuma yawanci ɓangare ɗaya yake kamawa. Likitoci suna kiran wannan ciwo sayatika. Ya fi damun masu juna biyu a watanni uku na ƙarshe, domin jiki yana fitar da sinadarin da ke sassauta gaɓoɓin ƙugu don shirin haihuwa, ga nauyin ciki yana jan mace gaba, har tsokar da ke cikin ɗuwawu ta ɗaure ta matse jijiyar.

Mataki na farko shi ne ki faɗa wa likita ko ungozoma a wurin awon ciki, ki nuna daidai inda ciwon yake farawa da inda yake tsayawa. Ciwon gaɓoɓin ƙugu ya fi wannan yawa a lokacin goyon ciki, kuma sau da yawa ana ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran tasiri, shi ne gyara yadda kike aikin gida. Shara da gajeriyar tsintsiya, da wanki a sunkuye, da jan guga a rijiya, da daka, duk suna ɗora wa kwankwaso nauyi a daidai wurin da jijiyar take fitowa. Ki sa a ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda, ki ɗora bahon wanki a kan benci yadda zai zo miki daidai ƙugu, aikin da ya ƙunshi ɗaukar nauyi kuwa ki bar wa wani. Idan za ki ɗauki abu daga ƙasa, ki lanƙwasa gwiwoyi ki sauka, bayanki a miƙe. Kada ki saɓa yaro a kwiɓi ɗaya kina yawo da shi. Kujera 'yar tsugunno ma ba ta dace da ke ba a wannan hali. Ki nemi mai majingina, ki sa ƙaramin matashi a bayan kwankwaso, ƙafafunki biyu a ƙasa. Idan ruku'u da sujada suna tayar da ciwon, addini ya yi rangwamen yin salla a zaune.

Na uku, kwanciya. Ki kwanta a gefe, ki bar ɓangaren da ke ciwo a sama, ki sa matashi tsakanin gwiwoyinki, wani kuma a ƙarƙashin cikin. Daga mako na 28 dama ana son mai ciki ta daina yin barci a rigingine. Wajen tashi, ki haɗe gwiwoyi, ki sauko da ƙafafu tare, sannan ki dafa da hannu ki miƙe.

Na huɗu, kada ki yini a kwance. Mutanen gida sukan ce a kwanta a huta, kuma da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da tsoka. Gajeriyar tafiya a tsakar gida sau da yawa a rana ta fi doguwa guda ɗaya amfani. Ga kuma wani motsa jiki mai sauƙi: ki zauna a kujera, ki ɗora idon sawun ƙafar da ke ciwo a kan ɗaya gwiwar, ki ɗan karkato gaba a hankali ba tare da kin ranƙwafa ba, har ki ji tsokar ɗuwawu tana miƙewa. Ki tsaya haka daƙiƙa 30, ki saki, ki maimaita sau biyu ko uku. Idan zogin ya ƙara gangarawa ƙafa, ki dakata. Bayan haka za ki iya gasa wurin da tawul mai ɗumi na minti 15 zuwa 20, a kan ɗuwawu ko kwankwaso, ban da kan ciki. Idan asibitinku yana da sashen gashin ƙashi, ki nemi a tura ki can.

Na biyar, magani. Farasitamol ne aka fi amincewa da shi ga mai ciki, shi ma bisa ƙa'idar da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takarda ba, suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan mahaifa, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2020 cewa a guje su daga mako na 20. Taramol, da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, duk ki nisance su.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar awo a kansu. Idan fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce miki, ko kika kasa yin fitsari, ko tsakanin cinyoyi ya sage, ko ƙafa ta yi rauni har kina jan ta, ki tafi asibiti a take, domin jinkiri yana iya barin lahani na dindindin. Haka ma idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko zubar jini, ko murɗawar mara da ke zuwa tana komawa kafin mako na 37.

Galibi ciwon yakan lafa bayan haihuwa. Idan an yi arba'in yana nan, ki koma a sake duba ki.